Gidan Chatsworth da Baƙin da Ya Jira

 Yau, in Allah ya yarda, zan ɗauke ku mu tafi can tsakiyar ƙasar Ingila, lardin da ake kira Derbyshire, mu ziyarci ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar Turawa, wanda sunansa Chatsworth. Tun da fari ina roƙonku ku yi mini haƙuri idan na daɗe a lambu fiye da yadda na daɗe a cikin soraye, domin ranar da Allah ya nufe ni da zuwa wurin, a lambun ne zuciyata ta fi tsayawa, a can ne kuma na ga abin da ya sa na ce lalle ya cancanta in zo in ba ku labari.

Wanda ya taso daga Landan, jirgin ƙasa zai kai shi garin Chesterfield cikin kamar awa biyu, daga nan ya shiga mota ya yi yamma, hanya tana hawa da shi bisa wasu tuddai masu ƙarancin itatuwa da yawan iska, har ta gangaro da shi cikin kwarin kogin Derwent, inda ƙasa take sauya kama gaba ɗaya, ta zama shimfiɗaɗɗiyar makiyaya kore shar, tumaki na kiwo ba makiyayi, bareyi na kwance ƙarƙashin manyan itatuwa ba sa tsoron kowa. Sa'an nan, bayan wata kwana, sai ga wata gada ta dutse mai baka uku, a hayinta kuwa ga gidan nan zaune, ginin dutse mai launin zuma, bayansa tudu ne lulluɓe da kurmi, a ƙolin tudun ga wata tsohuwar hasumiya tana leƙen kwarin. In rana ta yi yamma ta bugi fuskar gidan, sai tagoginsa su riƙa walƙiya, domin katakon da ya kewaye su an manna masa zinariya falle-falle, kuma masu gidan sun ce ba alfahari kaɗai ya kawo haka ba, ita zinariyar ta fi fenti jure ruwa da sanyi.

Zuriyar da ke da gidan sunanta Cavendish, babbansu kuwa shi ke riƙe da sarautar Duke na Devonshire, wadda a tsarin Ingila tana cikin darajar da babu ta sama da ita sai ta gidan sarki; wanda ke kai yanzu shi ne na 12. Asalin zamansu a nan ya koma shekarar 1549, lokacin da Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka sayi filin a kan fam 600. Shi mijin ya tara dukiyarsa ne a hidimar Sarki Henry na Takwas, zamanin da aka rushe gidajen ruhubanawa aka ƙwace ƙasashensu. Ita matar kuwa mace ce mai himma da sanin lissafi, ta yi aure huɗu, ta kuma shiga cikin matan da suka fi kowa wadata a ƙasar bayan Sarauniya Elizabeth ta Farko. A zamanin mijinta na huɗu ne aka riƙa kawo Sarauniyar Sikotlan, Mary, ana tsare ta a gidan lokaci bayan lokaci tun daga 1570, watau baƙuwar sarauta ta farko da tarihi ya fi tunawa da ita a Chatsworth ba da son ranta ta zo ba, a tsare aka kawo ta.

Ginin da ake gani yau ba na Bess ba ne. Wani daga cikin jikokinta, wanda yana cikin manyan da suka gayyato William na Holan ya karɓi gadon sarautar Ingila a 1688, aka kuma saka masa da sarautar Duke a 1694, shi ya rushe tsohon ginin sashe bayan sashe, ya ta da sabo tsakanin 1687 da 1707. A benen sama ya keɓe jerin ɗakuna mafiya girma da ƙawa, kowanne yana buɗewa cikin na gabansa, aka zana rufinsu, aka sassaƙa katakon bangonsu, aka rataya dardumai na alfarma, duk don ranar da Sarki William da matarsa Sarauniya Mary za su zo su sauka. Sai dai har Allah ya karɓi ransu duka biyu, ba su taɓa taka ƙofar gidan ba. Na tsaya cikin ɗakin kwanan da aka shirya wa sarki, jama'a na wucewa ta gefena, wata tsohuwa da sandarta, wasu ɗalibai da jakunkuna a baya, wani magidanci goye da ɗansa a wuya, sai na ji wani irin i'itibari ya sauko mini, ganin cewa masaukin da aka yi shekaru ana gyarawa domin mutum biyu, Allah ya ƙaddara dubban talakawa ne za su more shi da ido.

Ba zan wahalar da ku da lissafin ɗakuna ba, domin sun haura 100, kuma kaɗan ne daga ciki ake buɗe wa baƙi. Babban zauren shiga an zane shi tun daga bango har rufi da labarin Kaisar na Rum, akwai kuma dogon ɗaki cike da mutum-mutumi na farin dutse daga Italiya, waɗanda Turawa ke tsayawa gabansu suna jinjina gwanintar masassaƙa; ni dai, da yake na tashi a gidan da ba a saba da surori ba, na yaba ƙwarewar hannun, na wuce. Abu biyu ne suka tsayar da ni. Na farko wani goge ne irin na Turawa, rataye a jikin wata ƙofa, wanda duk wanda ya gan shi zai rantse ana iya miƙa hannu a sauko da shi, alhali kuwa zane ne kawai da wani mai zane, Jan van der Vaardt, ya yi wajen shekara 300 da suka wuce. Na biyu shi ne ɗakin littattafai, inda aka jera mujalladai fiye da 17,000 daga ƙasa har sama, cikinsu har da littattafan Henry Cavendish, wani masanin kimiyya ɗan wannan zuriya, wanda ya bayyana wa duniya iskar haidurojin, ya kuma yi gwajin auna nauyin duniya a 1798. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami, ya san darajar gafaka ɗaya ta littattafan gado, ba zai shiga ɗakin nan ya fita ba tare da ya yi shiru ba.

To, yanzu mu fita lambu, wanda faɗinsa eka 105 ne, kuma abin da ya fara riskar mai shigarsa shi ne ƙarar ruwa. A gefen tudu akwai wata doguwar matakala ta dutse, wadda aka fara ginawa a 1696, lokacin da na je ruwa yana fitowa daga wani ɗan soro a samanta, yana gangarowa hawa 24, kuma magina sun bambanta tsayi da faɗin kowane hawa da gangan, domin kowanne ya ba da tasa muryar; idan mutum ya bi gefenta a hankali yana hawa, zai ji ƙarar tana sauyawa, nan kamar yayyafi a kan rufin kwano, can kamar ana zuba ruwa a randa. A lokacin, a ranar zafi yara kan tuɓe takalma su shiga suna tsalle, iyayensu na zaune a ciyawa, ba wanda ya tsawata musu. Abin ta'ajibi kuwa shi ne, duk ruwan nan babu injin da ke tura shi. Ruwan sama ne da ke zuba a tuddan da ke bayan gidan, aka haƙa masa magudanu ya taru a tafkuna can sama, daga nan nauyinsa kaɗai ya gangaro da shi, ya bi matakala, ya shige ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a wani marmaro, ya sake nutsewa, har ya koma kogi. Babu ɗigon da aka bari ya wuce bai yi aiki sau biyu ko uku ba, kuma a 1893 da wannan ruwan aka fara ba gidan wutar lantarki.

Mafi girman aikin ruwan shi ne marmaron da ake kira na Sarkin Sarakuna, kuma labarinsa ɗan'uwan labarin ɗakunan nan na sama ne. A 1843 Duke na shida ya sami labarin cewa Sarkin Rasha, Nicholas na Farko, wanda suke abota da shi, zai zo Ingila shekara mai zuwa, sai ya ƙudura a ransa zai tarye shi da marmaron da ya fi wanda ke fadarsa ta Peterhof tsawo. Aka tara ma'aikata cikin hunturu, suna haƙa dare da rana, da dare ana haska musu da jiniya, har cikin wata shida suka gama tafki mai faɗin eka 8 a kan tudu, ƙafa 350 sama da gidan, aka shimfiɗa bututun ƙarfe daga can zuwa tsakiyar wani dogon kududdufi da ke kudu da gidan. Da aka buɗe shi, ruwa ya yi sama har ƙafa 296, abin da ba a taɓa gani ba a wancan zamani. Sarkin Rasha ya zo Ingila a 1844, ya gama hidimarsa a Landan ya koma, bai leƙo Derbyshire ba, ya kuma rasu a 1855 bai ga marmaron da ke ɗauke da laƙabinsa ba. Har yau yana aiki, ko da yake ba kullum ake sake masa dukan ƙarfinsa ba, domin su ma suna tattalin ruwa in damina ta yi ƙaranci. Na zauna a bakinsa wajen rabin sa'a, iska na kaɗo feshinsa a fuskata, ina tunanin mutanen da suka haƙa ƙasa mai ƙanƙara da dare, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗayansu a jikin dutse ba.

Amma akwai mutum ɗaya daga cikin masu aikin hannu da sunansa bai ɓata ba, kuma a ganina shi ne ainihin gwarzon wannan gida, ko da yake ba shi da jinin sarauta ko ɗigo. Sunansa Joseph Paxton, an haife shi a 1803, ɗan manomi ne, ya fara aiki yana yaron lambu tun yana ɗan shekara 15. Duke na shida ya gan shi yana aiki a wani lambun gwaji a Chiswick, kusa da Landan, ya lura da hankalinsa da yadda yake amsa tambaya, sai ya ɗauke shi ya naɗa shi shugaban lambun Chatsworth a 1826, alhali bai ko cika shekara 23 ba. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya iso: ya sauka da asuba, wajen ƙarfe huɗu da rabi, ya tarar kowa na barci, ya haura katanga ya zagaye lambun duka, ƙarfe shida ya raba wa ma'aikata aiki, sa'an nan ya shiga karin kumallo wurin uwargidan da ke kula da ɗakuna, a nan ya ga 'yar ɗan'uwanta Sarah, suka ga juna suka so juna, duk kafin ƙarfe tara; shekara na kewayowa aka ɗaura musu aure. Shi ne ya auna tudun nan ya tsara marmaron, shi ne kuma ya sa aka jawo manyan duwatsu aka ɗora su bisa juna a wani sashe na lambun, har mutum ya ɗauka tun fil'azal suke a wurin.

Babban abin da ya fitar da sunansa shi ne ɗakin gilashi da ya gina tsakanin 1836 da 1840, mai tsawon ƙafa 277 da faɗin ƙafa 123, wanda a lokacin babu ginin gilashi kamarsa a duniya. Manufarsa ita ce a raya itatuwan ƙasashe masu zafi a ƙasar da ruwa ke daskarewa, saboda haka aka kafa tukwanen wuta 8 a ƙarƙashin ƙasa, aka zagaya bututun ruwan zafi mai tsawon mil 7, aka haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ake shigo da gawayin kwal, don kada baƙi su ga baƙin aikin da ke riƙe da korayen ganyen. Ya ku masu saurare, ku dubi hikimar Allah cikin rabon arziki: zafin nan da muke neman inuwa saboda shi a watan bazara, shi wani attajiri ya zubar da dukiya mai ɗimbin yawa don ya saye shi ya kulle a ɗaki. Sarauniya Victoria, wadda ita kam ta amsa gayyata, an ratsa da ita ta tsakiyar ɗakin cikin keken doki a 1843, an kunna fitilu 12,000. Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, kwal ya yi wuya, masu lambu suka tafi fagen fama, itatuwan suka mutu da sanyi, aka rushe ginin a 1920. Tushen katangarsa yana nan, a cikinsa kuma an dasa shingen itatuwa mai hanyoyi masu rikitarwa a 1962, inda yara ke shiga su ɓace su yi ta kiran juna.

Daga ɗakunan gilashin Paxton abu biyu suka fita suka game duniya. Na farko ayaba ce. Wajen 1834 aka kawo wa Duke wani irin ayaba ta hanyar tsibirin Morishiyas, Paxton ya rene ta har ta yi 'ya'ya, aka sa mata sunan zuriyar gidan, daga baya aka riƙa ɗaukar 'ya'yan itacen zuwa tsibiran tekun Pasifik da wasu wurare; yau mafi yawan ayabar da ake fataucinta tsakanin ƙasashe irin Cavendish ce, ta yiwu ma wani cikinku ya ci ta da safen nan bai san sunan wa take ɗauke da shi ba. Na biyu wani bado ne na kogin Amazon, mai ganye kamar faifan da aka faɗaɗa ya kai tabarma, wanda Paxton ne ya fara sa shi ya yi fure a Ingila a 1849. Ya ɗora 'yarsa ƙarama a kan ganye ɗaya a bisa ruwa bai nutse ba, sa'an nan ya juya ganyen ya yi nazarin jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa, yadda suka fita daga tsakiya suka sarƙe da juna, ya ce ga tsarin gini nan Mahalicci ya riga ya zana. Wannan nazari yana cikin abin da ya taimake shi ya tsara katafaren ginin gilashi da ƙarfe na baje kolin duniya da aka yi a Landan a 1851, wanda saboda shi Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir, bayan shekara uku kuma ya shiga majalisar dokoki yana wakiltar Coventry. Ya rasu a 1865, kabarinsa yana ƙauyen Edensor, a maƙabarta ɗaya da iyayen gidansa.

Ambaton Edensor ya kawo ni ga maganar da adalci bai yarda in tsallake ta ba. Makiyayar nan mai eka 1,000 da ta kewaye gidan, wadda baƙo ke ɗauka haka Allah ya halicce ta, aikin hannu ce: wani gwanin tsara filaye, Lancelot Brown, shi ya fasalta ta wajen 1760, aka baje gonaki, aka gyara tafiyar kogi, aka dasa itatuwa gungu-gungu. Ƙauyen Edensor kuwa a da yana kusa da kogi, inda ake hango shi daga tagogin gidan, sai masu gidan suka ga yana ɓata musu kallo, aka fara rushe wani sashe a ƙarni na 18, aka ƙarasa ɗauke shi wajen 1840 aka mai da shi bayan tudu. Gaskiya ne an gina wa mutanen sababbin gidaje masu kyau, har yau ana zuwa kallonsu. Amma wanda aka ce ya tashi daga inda aka binne cibiyarsa don kada idon mai mulki ya faɗa kan rufinsa, kyan sabon ɗaki ba ya share masa wannan. Haka kuma dukiyar da ta yi duk aikin nan ba daga sama ta faɗo ba, daga kuɗin hayar manoma ta fito, a Ingila da Ailan, da gumin masu haƙar darma da tagulla a cikin ramuka.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da zamaninmu. Duke na tara, wanda ya riƙe muƙamin sakataren ƙasashen mulkin mallaka daga 1922 zuwa 1924, watau lokacin da al'amuran Nijeriya da Gwalkwas ke bi ta teburinsa, shi ke kan sarauta a ranar 24 ga Afrilu, 1932, sa'ad da ɗaruruwan ma'aikata daga Manchesta da Sheffield suka hau tudun Kinder Scout da gangan, suna neman a bar talaka ya sha iska a dajin da aka killace domin manya su harbi wani tsuntsu mai kama da makwarwa. Aka yi arangama da masu gadin dajin, aka ɗaure mutum 5. Wannan ɗauri ya ta da hankalin jama'a, yana kuma cikin abubuwan da suka share hanya har yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Biritaniya a 1951. Bayan shekara 70 da hawan tudun, a taron tunawa da ranar a 2002, jikansa, Duke na 11, ya miƙe gaban jama'a ya nemi gafara bisa abin da aka yi a zamanin kakansa. Ina ganin wannan tsayuwa tasa ta fi zinariyar tagogin nan daraja, domin neman afuwa a bainar jama'a abu ne mai nauyi ga kowa, balle ga mai sarauta.

Shi wannan Duke na 11 bai taso da tsammanin gado ba, wansa ne magaji, aka kashe shi a yaƙi a ƙasar Beljiyam a 1944. Gidan ma a shekarun yaƙin makarantar 'yan mata ce ta zauna a ciki, ɗakunan sarki suka zama wurin kwanan ɗalibai. A 1950 mahaifinsa ya rasu ba zato, saura 'yan makonni wa'adin da doka ta gindaya wa kyautar dukiya ya cika, sai hukuma ta ɗora wa tarikar harajin gado. Mu da muka san ushira, kashi ɗaya cikin goma, mu yi tunanin wadda ta kai kashi 80 cikin 100, har fam miliyan 7 na wancan zamani. Gidaje da yawa irin wannan a shekarun nan rushe su aka yi, aka yi gwanjon kayansu, domin magada sun kasa. Shi kuwa ya sayar da dubban ekoki, ya miƙa wa hukuma wasu daga cikin mafiya tsadar zane-zane da littattafai, ya sallama Hardwick Hall, gidan da kakarsu Bess ta gina da kanta, ya yi fiye da shekara 15 yana fama kafin ya sauke nauyin, shi da matarsa Deborah suka komo cikin gidan a 1959, suka shiga gyara.

Dabarar da ta tsirar da gidan a ƙarshe ta yi kama ƙwarai da abin da malamanmu ke kira waƙafi. A 1981 aka kafa wata gidauniya ta amana, aka ba ta hayar gidan da lambun da makiyayar har shekara 99, a kan fam 1 kowace shekara, bisa sharaɗin ta kiyaye su domin amfanin jama'a. Duk kuɗin da baƙi suka biya a ƙofa yana tafiya ne ga gyara da albashin ma'aikata, iyalin Duke kuwa suna biyan kuɗin hayar ɗakunan da suke zaune a ciki, a gidan da kakanninsu suka gina. Mutum fiye da rabin miliyan ke zuwa a shekara, kuma da irin wannan kuɗi, tare da gudummawar iyalin, aka yi gyaran shekara 10 da aka kammala a 2018, wanda ya ci sama da fam miliyan 32. Ashe dai jikokin waɗanda aka kora daga tudu, su ne yau ke riƙe da rufin gidan da kuɗin aljihunsu, kuma masu gidan sun san haka, shi ya sa mai gadin ƙofa ke tarbar kowa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙon da aka daɗe ana jira.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa soron da ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, ba ya kai shekaru. Ginin dutse ma haka yake, sai dai shi a hankali yake nuna gajiyarsa. Bayan bukukuwan ƙarshen shekara akan rufe gidan tun daga Janairu har zuwa Maris, a kafa tsani a share rufi, a sauko da fitilu a wanke, a bi littattafai ana kaɗe musu ƙura, masu lambu kuma su shiga datse itatuwa da yashe magudanun ruwan da aka haƙa tun zamanin Paxton. Na ga wani dattijo a durƙushe yana cire ciyawa daga tsakanin duwatsun matakalar ruwa, ɗaya bayan ɗaya, da 'yar wuƙa, na yi masa sannu da aiki, ya ɗago ya amsa da murmushi ya koma kan abin da yake yi.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Sheffield da Manchesta da Nottingham, waɗanda wurin bai yi muku nisa ba, in Allah ya ba ku rana guda ta hutu tsakanin bazara da kaka, ku je. Yawo a makiyayar ba a biyan ko kwabo, gidan da lambun ne ake yankar tikiti. Ku sa takalmi mai ƙarfi, ku riƙe rigar ruwa, domin sararin Derbyshire ba ya alkawari. In kun gama da ɗakuna, ku bi hanyar kurmin da ke bayan gidan ku hau har bakin tafkin da aka haƙa da dare, ku ga inda ruwan yake fitowa, sa'an nan ku gangaro ku haye gada ku shiga Edensor, ku nemi kabarin mai lambu, yana tsakiyar maƙabartar bayan majami'a.